Kafin Ka Biya Kuɗin Fenti, Duba Shekarun Tayarka

Tun da jirgin ƙasan da ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya daina zama abin dogaro, duk abin da ke shiga arewacin Zamfara ko fita daga cikinta a kan taya yake tafiya. Buhunan gero da wake daga Badarawa, dabbobin da ake kaiwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, mai naƙudar da aka ɗauko daga ƙauyukan Zurmi, duka roba ce ke ɗauke da su, kuma abin da ke taɓa ƙasa a jikin tayar ƙaramar mota bai wuce faɗin tafin hannu ba. Amma wanda ya zauna a gareji ya lura da yadda masu mota ke kashe kuɗi zai sha mamaki. Mutum zai biya mai fenti ba doguwar jayayya don an goge masa gefen ƙofa, ya sayi rigar kujera, ya canza fitilu, sannan da an zo kan taya ya ce a nemo masa 'yar Beljiyam mai sauƙi.

A wasu wuraren fashewar taya ɓata lokaci ce kawai. A hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, ko wadda ta tashi daga Zurmi ta nufi Jibiya, kowa ya san abin da tsayuwar rabin awa a tsakiyar daji ke nufi. Saboda 'yan bindiga direba ke taka mota don ya shiga gari kafin rana ta faɗi, saboda tsadar mai yake lafta mata kayan da suka fi ƙarfinta, ga ramuka, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Gudu da nauyi da zafi su ne abubuwa ukun da ke kashe taya, mu kuma kullum muna haɗa mata su a tafiya ɗaya.

Ba za a ɗora wa direba laifin duka ba. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya dakatar da yin taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigowa da kaya daga waje. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin sabuwar taya ya fi ƙarfin mai Golf ɗin haya da yawa. Tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Nijeriya, amma ga ta nan jibge a kowace babbar tasha. Tun da haka lamarin yake, cewa kada kowa ya saye ta wa'azi ne da ba mai ji. Abin da zai yi amfani shi ne mai saye ya iya karanta abin da yake saye.

Kowace taya tana ɗauke da takardar haihuwarta a gefenta. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka tarar da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta a mota ba: tana bushewa, tana tsattsagewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da yin ta. Manyan kamfanonin taya sun fi sassauci, suna cewa a riƙa kai ta ga masani kowace shekara bayan ta yi biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take da kyau. A ƙasar da kwalta ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu, ni na fi karkata ga lissafin hukumar. Idan kuwa ka ga an kankare wurin lambar, ko an shafe shi, ciniki ya ƙare, ka wuce gaba.

Akwai wata alamar da ba kowa ya san ta ba: hoton tsauni mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturun Turai ce. An haɗa robarta da laushi don ta kama hanya cikin sanyi, shi ya sa zanenta ke da zurfi da ban sha'awa, shi ya sa kuma take saurin cinyewa a kwaltarmu. Kallon kitse ake yi wa rogo. Haka kuma bayan girman taya akwai lamba da harafi, kamar 91H. Lambar tana faɗin nauyin da za ta iya ɗauka, 91 kuwa kilo 615 ce. Mai motar da ke ɗora buhu goma a kan fasinja bakwai ya zauna ya yi wannan lissafin.

Mafi munin ha'inci shi ne sassaƙa. Ana ɗaukar tayar da ta suɗe, a bi tsohon zanenta da ƙarfe mai zafi ko wuƙa a zurfafa shi, a shafa mata baƙin mai sheƙi, ta fito kamar amarya. Abin da aka yi shi ne an rage naman da ke tsakanin kwalta da wayoyin ciki. Ana gane ta: layukan ba sa tafiya daidai, bakinsu da kaifi, kuma 'yan tudun da kamfani ke bari a cikin kwarin zane don nuna iyakar cinyewa, wato milimita 1.6, sun ɓace. Ka sa a juya maka cikinta ka shafa da hannu. Faci a gefen taya, ko ƙulun da ya kumburo a wurin, ba abin da ke gyara su, domin gefen ne ke lanƙwasawa a kowane juyi.

Sai maganar iska, inda kuskure ya zama al'ada. Direbobi da yawa suna sace wa taya iska a lokacin zafi, wai don kada ta fashe. Akasin haka ne gaskiya. Tayar da iskarta ta gaza ta fi lanƙwasawa, lanƙwasawar ke haifar da zafi a cikinta har wayoyinta su rabu da robar. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, ba a tafin hannun mai faci da ke bubbuga taya yana sauraro ba. A auna da safe kafin a yi tafiya, a auna har da safaya. Sau nawa aka buɗe but a daji aka tarar safayar ma a kwance take, ko babu jak?

Game da gyaran jiki, ba cewa nake mota ta zauna da muni ba. Ƙarcen da ya kai ga ƙarfe yana son a rufe shi kafin damina, don tsatsa ba ta jira. Gilashin gaba da ya tsage da fitilar da ta dushe su ma ba ado ba ne. Amma lotsawar bamba da kwarzanen da bai wuce saman fenti ba za su iya jiran shekara ba su cuci kowa ba.

Inda fenti ke zama makami shi ne wajen sayen mota. Motar da ta yi mummunan haɗari, ko wadda ambaliya ta shanye a Amurka kamfanin inshora ya yi gwanjonta, tana iya isowa Kano ko Gusau tana walƙiya. Kada ka duba mota da magariba, kada ka duba ta a jiƙe, domin ruwa da duhu suna ɓoye bambancin launi. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙofofi da gefuna: inda ya ƙi kama ƙarfe, an cike wurin da ƙullun gyara mai kauri. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Idan agogon tafiya ya nuna 'yan kilomitoci kaɗan amma sitiyari da robar birki sun suɗe, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, kuma ba robar ba ce. Ka je da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ya samun ta sai ciniki ya faɗa.

Takardu sun fi injin jawo baƙin ciki. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma maƙwabtan Maraɗi ne, kowa ya san akwai motocin da ke bin barauniyar hanya. Irin wannan motar tana da araha har ranar da jami'an kwastam suka tsayar da kai, daga nan ka rasa motar ka rasa kuɗin. Lambar jikin mota haruffa da lambobi 17 ce. Ka kwatanta wadda ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofa da wadda ke takardar biyan harajin kwastam, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka je ofishinsu da ƙafarka a tabbatar maka takardar tasu ce. Ka sa a rubuta takardar ciniki da shaidu, ko da mai sayarwar ɗan unguwarku ne.

Masu tallan gwanjon kwastam a Facebook da WhatsApp, da hoton mutum cikin kaki da Hilux a rabin kuɗi, hukumar kanta ta sha barranta da su. Alamarsu ɗaya ce: za su nemi kafin alƙalami a asusun wani mutum kafin ka ga motar, su ce wasu na layi. Mai sayarwa ma bai tsira ba. Saƙon waya da ke cewa kuɗi sun shigo ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, ko ku je banki tare a ranar aiki, kafin makulli da takardu su bar hannunka.