Titin Kasuwa: A Fara da Mai Tafiya a Ƙasa

Buhun masara ko dawa da ya taso daga gonakin Matazu, Musawa ko Malumfashi a tsakiyar gari yake zama kuɗi, kuma a nan tafiyarsa ta fi wuya. Tirela ta tsaya sauke kaya a bakin kwalta, a-kori-kura ta jeru a bayanta, 'yan acaɓa suna kutsawa, mai tebur ya baje hajarsa a kan kwalbati, ɗan dako yana neman inda zai sa ƙafa. Duk lokacin da aka tashi maganar gyara, abin da ke fara zuwa bakin mahukunta shi ne faɗaɗa titi ko gina gadar sama. A ganina garuruwan kudancin Katsina, tun cunkosonsu bai kai na Kano ba, ya kamata su fara da mai tafiya a ƙasa, mai keke da mai baro. Su ne mafi yawan masu shiga kasuwa, kuma aikin da suke bukata ya fi kowanne araha.

Kano ta riga ta nuna mana inda ɗaya hanyar ke kaiwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu, musamman domin mata. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birni, sai masu ƙafa uku suka cike gurbin har suka zama nasu cunkoson. An kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA, an gina gadar Ƙofar Nasarawa, daga baya aka yi ta Dangi da wasunsu. Gadojin sun yi amfani ga mai wucewa, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya nufi kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa ya san cewa da ya sauko daga gada zai tarar da abin da ya baro, domin gada ba ta tanadi inda babbar mota za ta sauke dila ba, ba ta kuma bar wa mai ƙafa hanya ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadiddika masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyoyin ruwa. Kwata ɗaya da aka bari a buɗe da ta tsare dukiyar da babu gadar da za ta tsare.

Sai kuma maganar mai. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Malamin firamare da ƙaramin ɗan kasuwa suka koma kan keke ko sayyadarsu, ba don sha'awa ba. Tsarin sufurin da zai ɗore shi ne wanda talaka zai iya biya ko da mai ya sake tashi. Hakan na nufin gefen titi mai faɗi da aka daɓe, inda tsohuwa da ɗan makaranta za su bi ba tare da gogayya da mota ba, da layin darbejiya mai inuwa saboda zafin bazara, da wurin jingine keke mai tsaro, da tasha a bakin gari inda manyan motoci za su tsaya ƙanana su ƙarasa da kaya.

Ɗan kasuwa zai ce mai mota ne ke sayen kaya da yawa, idan aka nisanta shi da ƙofar shago ciniki zai faɗi. Tsoron yana da tushe. Da birnin Kigali na Ruwanda ya rufe wani titi na tsakiyar gari ga motoci a 2015, masu shaguna sun koka, kuma an ɗauki shekaru kafin a ƙawata wurin ya ja jama'a. Saboda haka ba rufe titi ɗungurungum nake kira a yi ba. A raba lokaci: tirela ta shigo da sassafe ko bayan la'asar, tsakiyar yini a bar wa masu saye. Wani zai ce a mayar da lodi dare, amma duk wanda ya san halin tsaron yankin nan, da dokar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a 2021 wadda ta taƙaita zirga-zirgar babura ta kuma rufe wasu kasuwannin dabbobi, ya san ba za a tura direba da ɗan dako hanya cikin duhu ba.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na mai tebur da mai talla, domin a ƙasar nan sau da yawa su ake fara kora da sunan tsafta. Idan ba a ba su rumfa a inda jama'a ke wucewa ba, gobe za su dawo, kuma da gaskiyarsu. Sarkin kasuwa, shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa sun san wanda ke zaune a kowane lungu, da su za a shata layi. Ƙaramar hukuma kuwa da ma tana karɓar kuɗin tebur da na tasha kowace ranar kasuwa; a ware wani kaso a bayyane domin yashe kwata da sanya fitila mai aiki da hasken rana, a liƙa lissafin inda kowa zai gani. Funtuwa ce ta fi bukatar hanzari, domin tashar tsandaurin da aka buɗe mata a 2024 za ta ƙara yawan tirelolin da ke ratsa garin, filin da za a yi musu wurin tsayawa kuma kullum ƙara tsada yake yi.