Ƙahon wanzami da allurar Sinawa

Mai Keke Napep da ya wuni yana zirga-zirga tsakanin Galtimari da Kasuwar Monday a Maiduguri, in bayansa ya riƙe da daddare, kemis yake nufa. Ƙwayar da za a miƙa masa kuwa ba kullum take tsayawa a magani ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin su tramol da kodin ba da izinin likita ba. Ko diclofenac da ake rainawa, in aka daɗe ana sha, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma mutanen Borno da Yobe ba sa buƙatar a ba su labarin ciwon ƙoda.

Shi ya sa ake waiwayen hanyoyin da ba na haɗiya ba. Sinawa sun shafe fiye da shekara 2,000 suna tsira siraran allurai a jiki, babu ruwan magani a cikinsu, a gurabe 361 da suka ƙayyade. Su a ganinsu wani ƙarfi ne ke gudana a jiki, allurar ke buɗe masa hanya in ya toshe. Likitocin zamani sun ce tsirar tana zaburar da jijiyoyi ne, jiki ya saki sinadaransa masu danne zafi.

Tana aiki? A 2007 an fitar da sakamakon wani gwaji a Jamus kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka tsira wa allurar a gurbinta sun sami sauƙi, masu magani da motsa jiki kuma kashi 27. Amma waɗanda aka soka musu ita sama-sama, a inda ba gurbi ba, su ma kashi 44. Ke nan sauƙin gaskiya ne, sirrin guraben ne ke da ayar tambaya. Mai ce maka allura na warkar da komai, aljihunka yake kallo.

Mu namu shi ne ƙaho, kuma sunna ce. Wanzami ya tsattsaga fata, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar, jini ya taru. Mutane da yawa sukan ji jiki ya saki. Haɗarin yana bakin aska: wadda ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, goge ta da tsumma kuma ba ya kashe komai. Ka tafi da sabuwar rezarka, ba cin fuska ba ne. Mai sikila da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna.

In kuwa ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ba na wanzami ba ne, ba na kemis ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana nan kan titin Bama, a tafi ranar.