Zaɓen Wutar Ajiya Domin Kayan Intanet Na Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun fara kafa intanet marar waya a ofis ko a ɗakin ajiyar hatsi. Da shi ake jin farashin masara a kasuwar Dawanau ko ta Saminaka, da shi ake aika kuɗin taki, ana kuma duba hasashen damina. Amma kayan nan ba sa aiki sai da wuta, wuta kuwa ba ta da tabbas. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ƙauyuka da yawa kuma ko turken NEPA ba su taɓa gani ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan yadda za a zaɓi wutar ajiya, domin kada kuɗin ƙungiya ya tafi a banza.

A fara da lissafi

Mai hankali ba ya gina rumbu sai ya san yawan bakin da zai ciyar. Haka yake da wuta. Kowace na'ura tana da rubutu a jikinta ko a jikin cajarta mai nuna yawan wutar da take ci. Ma'aunin shi ne wat.

A ce muna da rauta, wato akwatin da ke raba intanet, mai cin wat 10. Muna da eriya biyu a kan dogon ƙarfe, kowace tana cin wat 8. Akwai kuma ƙaramin akwatin haɗa wayoyi mai cin wat 4. Duka sun zama wat 30. Kayan nan ba sa barci, dare da rana suna ci. To, 30 sau awa 24 ya ba mu 720. Wannan shi ne abincin yini guda, ana kiransa wat-awa 720. Ku rubuta naku adadin a littafin ƙungiya, gama duk sauran lissafi a kansa zai tsaya.

Masu faifan Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, su lura. Babban faifan yana cin wat 50 zuwa 100 shi kaɗai, wato ninki biyu ko uku na misalinmu.

Batir shi ne rumbu

Ko da NEPA za a yi caji, ko da rana, ko da janareta, batir ne yake riƙe kayan sa'ad da wuta ta ɗauke. A jikinsa za ku ga lamba biyu, misali 12V da 200Ah. In an ninka su, 12 sau 200, za a sami wat-awa 2,400. Wannan ne cikin rumbun.

Amma ba a kwashe rumbu har a ci iri. Batir mai ruwa, irin na dalma, rabinsa kawai ya kamata a ci kafin a sake cika shi. In ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, ba zai yi shekara ba. Rabin 2,400 shi ne 1,200. A raba da wat 30, za a ga zai riƙe kayanmu awa 40. In muna so mu tsallake kwana uku ba caji, sai mu sayi irinsa guda biyu.

Akwai kuma batirin litiyom, musamman irin da ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Shi ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da lahani ba. Mai girman wancan zai riƙe kayanmu wajen awa 64. Ba a zuba masa ruwa, ba shi da nauyi sosai, yana kuma jure caji sau dubbai. Kuɗinsa ya fi yawa a ranar saye, amma kafin ya mutu mai batirin ruwa ya sake saye sau biyu ko uku. Ƙungiyar da take da hali, shi muke ba ta shawara ta saya.

Abu biyu za mu gargaɗe ku a kai. Na fari, kada a sa batirin mota. An yi shi ne domin ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba domin a yi ta jan wuta a hankali dare da rana ba. Na biyu, ku yi hankali da batirin da aka yi wa sabon fenti a kasuwa. Ku nemi rasit da takardar garanti. Araha ba ta ado.

Da me za a cika rumbun?

*Wutar NEPA.* Inda ake samun wuta awa biyar ko shida kowace rana, caja mai kyau da batir sun isa. Caja mai amfiya 20 za ta mayar da abincin yini guda cikin awa huɗu ko biyar. A sa sitabilaiza a gabanta, domin wutar da ta dawo da ƙarfi takan ƙone kaya. Ƙaramin UPS irin na kwamfutar ofis ba zai wadatar ba. Batirin cikinsa ƙarami ne, awa ɗaya ko biyu ya ƙare.

*Hasken rana.* Wannan ne ya fi dacewa da yawancin ƙauyukanmu. Ko da yake rana tana fitowa awa 12, ƙarfinta na sosai bai wuce awa biyar ko shida ba, a lokacin marka da hazo kuwa yakan ragu. Don haka mu yi lissafi da awa 4. A raba 720 da 4, an sami wat 180. A ƙara sulusi saboda wutar da ke ɓata a waya da zafi da ƙura, ya zama 240. Amma bayan kwanakin hadari sai farantin ya ciyar da kayan, ya kuma cika batirin da ya rame. Saboda haka faranti biyu masu wat 200 kowanne sun fi ba da kwanciyar rai. Lalle a sa kwantirola tsakanin faranti da batir, ita ce take hana caji ya wuce kima, tana kuma yanke wuta kafin batir ya zuƙe.

*Janareta.* Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a 2024 kuma ta kai 1,000. Ko ƙaramin janareta an yi shi ne domin ɗaruruwan wat. Tayar da shi dare da rana saboda wat 30 kamar ɗaure wa shanun noma kaya ne su kai mudu guda kasuwa. Amfaninsa shi ne a tashe shi awa kaɗan ya cika batir in an yi kwanaki ba rana. Kada a taɓa tayar da shi a cikin ɗaki ko kusa da taga. Iskar da yake fitarwa tana kashe mutum cikin barci.

Batun inbata

Mutane da yawa suna tsammani dole sai da inbata. Ba haka ba ne. Yawancin rauta da eriya suna aiki da wutar batir kai tsaye, bolt 12 ko 24 ko 48. In aka sa inbata, sai ta juya wutar batir ta zama irin ta NEPA, caja kuma ta sake mayar da ita. A kowace juyawa ana hasara. Babbar inbata ma takan ci wat 20 ko fiye tana zaune ba ta aikin kome, kusan daidai da kayan duka. Ku roƙi mai haɗa muku ya ba kayan wuta kai tsaye, da ƙaramar na'urar daidaita bolt da fis a kan waya.

Abokan gāba huɗu

Zafi. Batirin ruwa ya fi son wuri mai sanyi. In zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10 bisa 25, kwanansa yakan ragu da rabi. Ɗakin kwano a bazara tanderu ne. A ajiye batir a inuwa, inda iska ke shiga, a bisa katako. A duba ruwansa kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya.

Ƙura. A lokacin hunturu a goge faranti da tsumma mai laushi da ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin ya yi zafi. Ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya wanke shi.

Aradu. Dogon ƙarfe yana jawo ta. A kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa mai laima, a haɗa ta da ƙarfen eriya da waya mai kauri tun kafin ruwan fari.

Ɓarayi. A yi wa batir akwatin ƙarfe mai ramukan iska da kwaɗo, a walde ƙusoshin faranti, a rubuta sunan ƙungiya a jikin kome.

Abin da ya rage ga ƙungiya

Abu guda kuma ya fi aradu kashe batir a ƙauye, shi ne cajin waya. Yau shugaba ya sa tasa, gobe ma'aji, jibi kowa da kowa, da dare sai intanet ya mutu. In ana son cajin waya, a sa shi cikin lissafi tun farko, a yanka masa kuɗi.

A zaɓi mutum ɗaya mai kula da kayan, da mataimaki, a ba su littafi. Kowane batir zai mutu wata rana, don haka a buɗe asusu tun watan fari. A raba kuɗin sabon batir da yawan watannin da ake sa ran zai yi, a riƙa ajiye wannan kowane wata. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A taronku na gaba ku amsa waɗannan tambayoyi kafin ku aiki kowa kasuwa. Wat nawa kayanmu suke ci? Kwana nawa muke so su yi aiki ba caji? Da me za mu cika batir? Wa zai kula da shi? In kun rubuta amsoshin, ku nuna wa malamin gona na yankinku, mu duba lissafin tare kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo.