Karɓar kuɗin kwafar Linux ba sata ba ce

Wani saƙo na yawo a gurufan WhatsApp na masu gyaran kwamfuta, yana cewa duk wanda ya karɓi kuɗi don ya kwafa wa mutum Linux ko LibreOffice a faifai ya ci haram, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya za ta iya kama shi. Wanda ya rubuta shi bai ko buɗe lasisin manhajar ba, amma ya iya ɗora wa bayin Allah sunan ɓarayi.

Ƙananan maganganun saƙon ba sa buƙatar dogon bayani. Cewa Linux ba shi da mai shi ƙarya ce, haƙƙinsa na hannun Linus Torvalds, wanda ya fara shi a 1991, da dubban da suka taya shi rubutu. Cewa manhajar 'yan kutse ce ma shirme ne, domin wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta.

Maganar kuɗin ita ce mai ɓarna. Linux na ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989. Lasisin ya yarda ƙarara ka kwafa, ka raba, ka kuma karɓi kuɗi a kan kwafin, bai ƙayyade farashi ba. Masu haƙƙin da kansu suka ba da izini, to satar me aka yi? Yaron shagon da ya sauke Ubuntu, wani nau'in Linux da yanzu ya haura gigabait 5, ya ƙona data, ya ƙona man janareto, ya sayi faifai ko filashi, ya zauna ya girka maka. Ladan wahalarsa yake karɓa.

Sharuɗɗa dai akwai. Ba za ka goge sunayen masu haƙƙi ka ce aikinka ne ba. Dole ka ba mai saye hanyar samun asalin rubutun manhajar, kuma ba ka da ikon hana shi kwafa wa wani. Idan kuwa ka cusa Microsoft Office na bogi a cikin faifan, a nan ka taka doka da gaske. Tsawwala farashi ga wanda bai san ana saukewa kyauta ba rashin tausayi ne, amma bai saɓa wa lasisin ba.

Ban ga laifin waɗanda suka tsorata ba. Mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Kannywood, saboda haka kunnenmu ya saba da cewa kwafa laifi ce. Illar saƙon ita ce, mai gyaran da ya ji tsoro zai ajiye halastacciyar manhaja ya koma ɗora Windows na bogi, wanda shi ne doka ta hana.

In saƙon ya iso wayarka, kada ka tura. Ka tambayi wanda ya aiko maka wane sashe na lasisin ne ya hana karɓar kuɗi.