Jami'o'in Nijar: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Kan Iyaka Ya Sani Kafin A Koma Karatu

Babu ɗan kasuwar da za a tambaya ranar da kasuwar Maigatari take ci ya tsaya tunani. Ya san Alhamis ce, kamar yadda ya san ta Illela da ta Mai'aduwa Lahadi ce, ta Birnin Konni kuma Laraba. Amma idan aka tambayi wannan bawan Allah yaushe ɗansa da ke jami'a a Maraɗi zai zauna jarrabawa, ko wane ofishi ne ke ba shi ɗakin kwana, sai ka ji ya ce bari ya tambayi yaron. Alhali shi ne mai biyan kuɗin, kuma wani lokaci shi ne mai kai shinkafa da man girki da littattafan rubutu shagunan da ke kewaye da makarantar.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan makon mu leƙa jami'o'in Jamhuriyar Nijar, mu kawo wa masu karatunmu yadda shekarar karatu take tafiya a can, da abubuwan da ake gudanarwa a cikinta, da kuma hidimomin da ake yi wa ɗalibai da malamai da ma'aikata. Domin jami'a ma tana da ranakun cinta, kuma wanda bai san su ba yakan yi asara, ko a matsayinsa na uba ko a matsayinsa na mai kaya.

Jami'o'in da ke kusa da mu

Idan dai za a iya tunawa, shekaru da dama jami'ar gwamnati guda ɗaya ce tak a Nijar, wato ta Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sanya mata sunan Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin da ya yi suna wajen binciken makamashin hasken rana. A wancan lokaci duk yaron Damagaram ko Maraɗi da ya ci jarrabawar kammala sakandare, wadda suke kira bak, sai ya niƙi gari ya nufi Yamai.

Al'amarin ya canza ne a 2010, lokacin da aka ɗaga cibiyoyin koyon fasaha na Maraɗi da Damagaram da Tawa suka zama jami'o'i. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, tsohon ministan ilimi kuma masanin kimiyya, ta kuma fi ƙarfi a fannin noma da kimiyya da aikin likita. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan masanin tarihi Andre Salifu, ta Tawa kuma sunan Farfesa Jibo Hamani, inda aka san ta da karatun shari'a da tattalin arziki da sarrafa dukiya. A 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi.

Baya ga waɗannan akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta kafa, ta fara aiki a 1986, tana kuma da reshen mata a Yamai. Akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da masu koyarwa da Ingilishi a Maraɗi, waɗanda 'yan Najeriya suka fi yawa a cikinsu. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ƙara sa iyaye da yawa suka waiwayi tsallaken iyaka.

Yadda shekarar take tafiya

A bisa al'ada ana rubuta jarrabawar bak a tsakiyar damina, sakamako ya fito, daga nan sai a shiga neman gurbi da rajista. Komawa aji kuma takan zo ne wajajen watan Oktoba, daidai lokacin da gero ya fara shigowa kasuwa. Sai dai muna jan hankalin iyaye cewa ranar da aka sa ba lallai ne ita za ta tabbata ba. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa gwamnatin Nijar ta ɗage komawar makarantu daga farkon Oktoba zuwa ranar 28 ga watan. Haka zalika an sha samun shekarar da ba ta ƙare ba wata ta hau kanta, musamman a Yamai, saboda yajin aiki da ƙarancin ɗakunan karatu. Saboda haka kafin Alhaji ya canza Naira zuwa Sefa ya sallami yaro, ya kamata a tabbatar da ranar daga sanarwar da tsangayar yaron ta liƙa, ba daga bakin aboki ba.

Tsarin karatun shi ne wanda ake kira LMD: digirin farko, wato lisans, shekara 3, na biyu, wato mastar, shekara 2, na dakta kuma shekara 3. Kowace shekara an raba ta zango biyu, kowane zango yana da maki 30 da ɗalibi zai tara, ta yadda sai ya haɗa 180 kafin a ba shi lisans. A ƙarshen kowane zango akwai jarrabawa, sannan akwai zama na biyu na waɗanda suka faɗi wasu darussa. Wannan zama na biyu shi ne abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaro ya dawo gida hutu, a ɗora shi a kan shago ko a tura shi Kano sayen kaya, kafin ya ankara an yi zaman an gama, shekara guda ta tafi a banza tare da kuɗinta.

A cikin shekarar akwai kuma ranar da ɗaliban Nijar ba sa wasa da ita, wato 9 ga Fabrairu. A irin wannan rana a 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, inda uku suka rasa rayukansu, lamarin da ya taimaka wajen kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Duk shekara ƙungiyar ɗalibai ta USN takan yi taron tunawa da su. Ɗalibin da ya zo daga waje ya kamata ya san ma'anar ranar, ya girmama ta, ya kuma kiyaye kansa daga shiga abin da ba a gayyace shi ba.

Sauran abubuwan da ke tara jama'a sun haɗa da makon al'adu na ƙungiyoyin ɗalibai, da gasar ƙwallon ƙafa tsakanin tsangayoyi, da tarukan ƙara wa juna sani. Daga ƙarshe kuma akwai ranar kare kundin bincike, wadda suke kira sutnans, inda ɗalibi ke tsayawa a gaban kwamitin malamai a bainar jama'a, 'yan uwa da abokai suna zaune suna saurare. A nan ne masu buga takardu da masu ɗinki da masu lemo da masu ɗaukar hoto suke cin kasuwarsu.

Wa ke ba da ɗaki da abinci?

Abu na farko da ya kamata uba ya fahimta shi ne, a Nijar ofishin da ke kula da karatu daban, wanda ke kula da rayuwar ɗalibi daban. Wannan na biyun shi ake kira CROU, kuma shi ke riƙe da ɗakunan kwana, da gidan cin abinci mai rangwame inda ake shiga da tikiti, da motocin jigilar ɗalibai, da ƙaramin asibiti, da harkokin wasanni. Yin rajista a tsangaya bai isa ya ba yaro ɗaki ba, sai ya kai takardunsa can ma, kuma a kan lokaci, domin gadajen ba su kai yawan masu nema ba. Wanda ya rasa sai haya a gari, wanda hakan ke nufin kuɗin ɗaki da na ruwa da wuta da na kabu-kabu kullum.

Tallafin karatu kuma, wanda suke kira burs, hukumar ANAB ce ke biyan sa ga 'yan ƙasa da suka cika sharuɗɗa. Jinkirin biyan wannan kuɗi na daga cikin manyan dalilan da suka sha jawo ƙaurace wa aji a tsawon shekaru. Mai shago ko mai abinci da ke ba ɗalibai bashi ya san wannan sarai: ranar da burs ya fito kasuwa ta buɗe, idan kuma ya makale wata biyu ko uku, jarinsa ne ya makale. Shawararmu ita ce a riƙa ƙayyade bashin, a kuma rubuta shi, kada a bari littafin bashi ya fi aljihun ciniki nauyi.

Ɗan Najeriya kuwa ba ya cikin masu karɓar wannan tallafi. Bugu da ƙari, akwai ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da Sefa, ta 2005, wadda ta ce a daidaita kuɗin makaranta tsakanin ɗaliban ƙasashen ƙungiyar. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, don haka ɗan Jibiya ko Daura ya shirya biyan kuɗin baƙi, ko da kuwa kakarsa a Ɗan Isa ko Matamai take zaune. A kuma lura da lissafin baki: jika a wajen mutumin Nijar Sefa 1,000 ce, dala kuma Sefa 5, kada a ji adadi a waya a ɗauka irin namu ne.

Malamai da ma'aikata

Malaman jami'o'in Nijar ba jami'arsu kaɗai ke ƙara musu girma ba. Akwai majalisar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, inda ake aika takardun bincikensu, kwamitoci su zauna, galibi a watan Yuli, su yanke wanda ya cancanci hawa mataki na gaba har zuwa cikakken farfesa. Ita ce kuma ke duba ingancin digirorin makarantun da suka nemi ta tantance su. Ƙungiyar malaman ita ce SNECS, wadda a 2018 da 2019 ta yi dogon yajin aiki kan batun ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a riƙa yi ko gwamnati ce za ta naɗa su. Akwai kuma ma'aikatan ofis da direbobi da masu dafa abinci da masu gadi, waɗanda idan suka ajiye aiki, gidan abinci da ofishin rajista sukan rufe ko da malamai suna aji.

Takardu kafin kuɗi

Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuka. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, sannan a watan Agustan shekarar ta bayyana cewa fiye da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Tun daga lokacin duk takardar da ta fito daga maƙwabta ana duba ta da idon basira, har da ta masu gaskiya.

Saboda haka kafin a biya ko da dala ɗaya, a tambayi abu uku. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar ta amince da makarantar da kuma wannan fanni da yaron zai karanta? Shin Ma'aikatar Ilimi da ke Abuja za ta karɓi takardar idan ya dawo neman zuwa hidimar ƙasa? Idan likitanci ne ko aikin jinya ko haɗa magunguna, shin majalisar wannan sana'a za ta bar shi ya zauna jarrabawarta? Duk dillalin da ya ce zai kawo digiri ba tare da yaro ya zauna a aji ba, a guje shi, domin araha ba ta ado.

Haka kuma mai takardar WAEC ko NECO yana bukatar a daidaita masa ita da bak kafin jami'ar gwamnati ta karɓe shi. Batun harshe ma a duba shi. Gaskiya ne a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma a ɗakunan karatun jami'o'in gwamnati Faransanci ne ke aiki. Hausa za ta kai yaro kasuwa da masallaci, ba za ta rubuta masa jarrabawa ba.

Sai kuma takardun tafiya. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, a cikin watan kuma ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi. Zamanin da ɗalibi zai haye a bayan babur da katin makaranta kawai ya wuce. A yi masa fasfo mai rai, a nemi takardar zama idan an bukace ta, a kuma ajiye kwafin komai a gida. Ba mu manta da rufe iyakar 2019 zuwa 2020 ba, da ta 2023 wadda Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024, lokacin da aika wa yaro kuɗin abinci ma ya zama aiki.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan uwa 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, da su ɗauki jadawalin makarantar 'ya'yansu kamar yadda suka ɗauki ranakun kasuwa. Duk wanda ya kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya ware awa guda ya shiga jami'ar, ya ga ofishin tsangaya da idonsa, ya karanta allon sanarwa ko ya sa a karanta masa, ya karɓi rasidin duk abin da ya biya. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwannin kan iyaka da su samu wani mai jin Faransanci da zai riƙa kawo musu sanarwar rajista da ta jarrabawa a duk zango, a karanta a taronsu. Masu iya magana dai sun ce matambayi ba ya ɓata.