Injin Yankan Ciyawa a Daminar Gombe: Ɓarnar da Ɗanyar Ciyawa ke Yi wa Kayan Gwamnati

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, duk wani fili da aka bari ba siminti a birnin Gombe yakan koma kore shar, tun daga filayen makarantun Gabukka da Pantami har zuwa harabar ofisoshi da gidajen saukar baƙi na unguwar GRA. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, ciyawar da aka yanke ranar Litinin takan nemi a sake yanke ta kafin wata Litinin ta zagayo. Inda filin ba shi da yawa, adda da lauje suna wadatarwa. Inda ya kai kadada ɗaya ko biyu kuwa, ma'aikatu da dama sun koma ga injin yankan ciyawa na hawa, wato ƙaramar motar nan mai kama da ɗan tarakta, wadda gadina ke zama a kanta yana tuƙawa, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa.

Yankan ciyawa a wannan yanki ya wuce batun ado. Jihar Gombe ce ke da asibitin masu saran maciji na Kaltungo, kuma duk wanda ya san kububuwa ya san abin da doguwar ciyawa a gefen ajin yara ko ɗakin majinyata take nufi. Ita ciyawar kuma ba a son a kashe ta, domin garin yana kwance a gangare a kan ƙasa mai rairayi, zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwanninsa, har sai da aka shigo da ayyukan gyaran kwazazzabai masu tallafin Bankin Duniya. Saiwar ƙiri-ƙiri tana riƙe ƙasa fiye da yadda ake zato. Marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, shugaban farko na Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ya nuna cewa ana iya raya lambu a garin idan aka sa kai, shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 kuma ya ƙara yawan wuraren da ke bukatar kulawa. Abin da ake bukata shi ne ciyawa gajera mai rai, kuma wannan aikin injin ne.

Injin dai ba a ƙera shi don daminar Arewa ba. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya fara ƙirƙiro na'urar yankan ciyawa a Ingila a 1830, bayan ya lura da wata na'ura da masaƙu ke aske gashin yadi da ita. Kamfanin Ransomes na Ingila ya fitar da mai amfani da fetur wanda ake hawa a 1902, John Deere na Amurka kuma ya shiga kasuwar ƙananan taraktocin lambu a 1963. Yawancin waɗanda ake gani a Najeriya a yau, sababbi ko na hannu, suna ɗauke da injin Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki. Littafin da ke zuwa da kusan kowannensu yana gargaɗin kada a yanka jiƙaƙƙiyar ciyawa. Shawara ce mai sauƙin bi a ƙasar da za a iya jira kwana uku rana ta fito. A Gombe cikin Agusta, wanda ya ce sai ciyawa ta bushe ƙarau zai taɓa ta, to zai jira har ta kai masa gwiwa.

A ƙarƙashin kujerar direba akwai wani faffaɗan murfin ƙarfe mai kama da kifaffen kwano, wanda wuƙaƙe biyu ko uku ke juyawa a cikinsa. Mai faɗin inci 42 yakan zo da wuƙa biyu, mai inci 48 zuwa 54 kuma da uku. Bayan kowace wuƙa a lanƙwashe yake zuwa sama kamar fiffike, saboda aikinta biyu ne: tana yanka, tana kuma zuƙo iska. Iskar ce ke miƙar da ciyawa tsaye kafin kaifin ya same ta, ita ce kuma ke fitar da yankakkiyar ta ƙofar gefe. Busasshiyar ciyawa takan tashi ta fice. Ɗanya, wadda ko ba ruwan sama kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne, idan ta haɗu da raɓa da laka sai ta zama kamar ƙullu, ta manne a rufin murfin. Shafi yana hawa kan shafi har sararin da iska ke zagayawa ya tsuke. Daga nan sai yankan ya lalace: injin ya riƙa barin layin ciyawa a tsaye, yana zubar da dunƙule-dunƙule a bayansa, ƙararsa ta yi nauyi, bel ya fara zamewa yana warin ƙonannen roba. Dunƙulen da aka bari a fili kuma yakan kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa cikin 'yan kwanaki.

Babbar ɓarnar tana faruwa ne bayan an kashe injin an tura shi sito. Ciyawar da ta manne ba ta bushewa da wuri. Tana ɗaukar zafi, tana ruɓewa, tana riƙe danshi a jikin ƙarfe dare da rana. Yashin da wuƙa ke watsawa ya riga ya kankare fentin cikin murfin, saboda haka tsatsa ba ta samun abin da zai tare ta. Murfin da zai iya shekara goma yakan huje cikin damina kaɗan, kuma idan ya huje kusa da inda sandar wuƙa take ɗaure, mai walda zai iya toshe ramin amma da wuya ya maido da daidaiton. A saman murfin ma, ƙarƙashin marufan bel, ciyawa na taruwa ta riƙe ruwa a kan boris. Wadda ta maƙale kusa da salansa kuwa, idan ta bushe, ita ce makamashin gobara.

Duk da haka gyaran bai fi aikin minti ashirin ba, matuƙar an yi shi a ranar. A tsayar da injin a kan daɓe mai daidai, a kashe wuƙaƙe, a ja birki, a zare makulli, sannan a cire hular fulogi, domin wuƙar da aka juya da hannu ba abin wasa ba ce. A bar shi ya huce. Sai a ɗaga murfin zuwa matakinsa na ƙarshe, a kankare cikinsa da guntun katako ko roba mai tauri, hannu cikin safar aiki. Ƙarfe ba ya dacewa da wannan aiki don yana ƙara kwashe fenti. Idan ciyawar tana ɗanya, da kanta take saɓulowa. Idan ta kwana biyu, sai ta koma kamar bulo. Saman murfin da gefen injin kuma tsintsiya ko iskar famfon mai faci ta fi ruwa amfani a wurin. Wanda zai ɗaga gaban injin don ya leƙa ƙasa, kada ya dogara da jak kaɗai, ya sa katako mai kauri ya tokare.

Batun ruwa ne ya fi ruɗa mutane. Wasu injinan suna zuwa da ɗan bututu a saman murfin inda ake ɗaura mesa: a sauke murfin ƙasa, a buɗe ruwa, direba ya zauna ya kunna wuƙaƙe na minti biyu ko uku, su watsa ruwan su wanke cikin. Dabara ce mai kyau ga ciyawar da ba ta riga ta daskare ba, da sharaɗin a cire mesar a bar wuƙaƙen su ci gaba da juyawa na wasu mintuna har wurin ya bushe. Abin da ke kashe injin shi ne kai shi wurin wankin mota a sa masa ruwa mai ƙarfin feshi. Ruwan yakan ratsa hatimin boris ya kore giris, ya shiga mahaɗar wayoyi, kuma idan injin da zafi, sanyin farat ɗaya ba ya yi wa ƙarfensa daɗi. Zai fito yana walƙiya, bayan makonni kaɗan a ji yana gurnani daga ƙasa. A garin da ruwan famfo ke tahowa tun daga madatsar Dadin Kowa, unguwanni da yawa kuma suke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kankara da katako ta fi araha ta kowace fuska.

Yadda aka yi yankan ma yana rage aikin wankin. Ƙa'idar masu lambu ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda. Idan ta yi tsawo, a ɗaga murfin a bi ta sau ɗaya, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a rage. A bar injin a cikakken ƙarfinsa amma a tafi a hankali, kowane layi kuma ya ɗan hau kan wanda ya gabata, don wuƙa ta ci rabin lomarta kawai. Jakar tara ciyawa da toshiyar da ke niƙe ta a ciki duk a ajiye su sai rani. A gangare, irin wannan injin sama da ƙasa ake bi da shi, ba a gicciye ba, kuma masu ƙera shi suna hana hawa gangaren da ya wuce digiri 15 ko da a bushe yake. A jiƙe, tayar baya takan zame ba gargaɗi. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin kujera da ke kashe injin idan direba ya tashi wuƙa na juyawa. Makanikai sukan haɗe wayarsa idan ya fara ba da matsala, maimakon su canza shi, kuma daga ranar babu abin da zai tsayar da wuƙar idan mutum ya faɗo.

Wuƙa a ƙasar rairayi ba ta daɗewa da kaifi. Ana so a duba ta bayan kamar awa 25 na aiki, a damina ma kafin haka. Dakusasshiya tana yaga ciyawa ne, shi ya sa bakin ganyen ke yin fari bayan kwana biyu. Idan an wasa ta, a rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya: ɓangaren da ya rinjaya a ƙara rage shi, domin wuƙar da ba ta daidaita ba girgizarta ce ke cinye boris. A kuma duba fiffiken bayanta, wanda yashi ke sirantar da shi har ya iya ɓallewa ya tashi kamar harsashi. Baƙin mai ana canza shi bayan kamar awa 50, ko yadda littafin injin ya faɗa, matatar iska kuma idan ta takarda ce ta jiƙe, ta gama aiki, sai sabuwa.

Yawancin wannan ba a hannun gadina yake ba. Shi ba ya zaɓar lokacin yanka. Saƙo ne ke zuwa daga ofishin shugaba cewa baƙo zai iso daga Abuja da ƙarfe tara, a tabbata fili ya yi fes, sai a hau injin da ƙarfe shida da rabi, lokacin da raɓa ta fi yawa, ko bayan ruwan dare. Hadimin da ya san ranar ziyara tun mako guda zai iya bayar da umarnin a yanka da yammacin jajibiri, ko da hantsi bayan rana ta ɗaga ta shanye raɓa. Shi ne kuma zai iya sa a lissafa mintunan wankin cikin lokacin aiki, maimakon a janye gadina zuwa jera kujeru da zarar ya sauko. Littafin injin sau da yawa yana cikin durowar wanda ya sa hannu a takardar karɓar kaya, da Turanci, mai tuƙin bai taɓa ganinsa ba. Shafi ɗaya da Hausa a liƙe a bangon sito, da ɗan littafin rubuta awannin aiki da ranar canjin mai, sun isa su cike wannan giɓi.

Lissafin kuɗin ma ya canza. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai Naira 200 ba; cikin 'yan kwanaki da janye tallafi ta kai wajen Naira 500, daga baya ta wuce haka nesa. Injin da murfinsa ya toshe yana shan mai fiye da kima don ya yi rabin aiki. Darajar Naira kuma ta faɗi daga kusan 460 a kan Dala ɗaya zuwa fiye da 1,400 a 2024, alhali bel da boris da wuƙa duk daga waje ake shigo da su, galibi kuma sai an aika Kano ko Abuja ko Legas a nemo daidai lambarsu. Tsarin kasafi yana sauƙaƙa sayen sabon injin a ƙarƙashin manyan ayyuka fiye da sayen gwangwanin giris daga kuɗin gudanarwa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi hanyar rabuwa da kayan da suka daina aiki, amma kafin a kai ga gwanjo, injin yakan shekara a bayan ofis tayoyinsa a sace, injinsa lafiya lau, murfinsa kaɗai ne ya ruɓe.

Ciyawar da aka kankaro tana da amfani idan aka tara ta a rami ta zama taki. Masu kiwo sukan roƙe ta, sai dai wadda ta kwana a tsibi ta fara zafi ba ta dace da dabba ba, musamman doki, wanda takan murɗe masa ciki, haka nan wadda aka fesa wa maganin ciyawa.

Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, sai a sauke murfin gaba ɗaya a kife shi, a goge tsatsa da burushin waya, a shafa fenti, a bar shi ya bushe a rana. A canza baƙin mai, a sa giris a duk inda aka yi masa kafa, a cire wayar batir. Fetur da ya wuce wata guda a tanki yakan fara lalacewa ya bar danƙo a kafireto, don haka a bar injin ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa. Sannan a rufe shi da abin da iska ke ratsawa, a ƙarƙashin rumfa, kafin ƙurar hunturu ta sauko.