'YAR TSIBIRI TA BA MANYA KUNYA A FARIS

Jama'a, in da za a buɗe taswirar duniya a ce ku nuna ƙasar Sen Lusiya, da yawa cikinmu sai sun nemi tabarau. Wani ɗan tsibiri ne a tekun Karibiyan, tsawonsa mil 27, mutanensa kuwa wajen dubu 180. Watau ƙaramar hukumar Agege kaɗai ta ninka su fiye da sau biyu. Galibinsu baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, kuma sai cikin 1979 suka sami mulkin kai daga hannun Ingila.

Ƙasar ta fara zuwa wasannin Olamfik a Atalanta cikin 1996, amma shekara 28 tana zuwa tana komawa hannu rabbana. Da aka taru a Faris cikin 2024, 'yan wasa 4 tak ta aika: biyu masu gudu, ɗaya mai iyo, ɗaya mai tseren kwalekwalen da iska ke turawa.

Ran Asabar, 3 ga watan Agusta, ana tsuga ruwan sama, aka jera mata takwas don tseren ƙarshe na mita 100. Hankalin kowa yana kan Sha'Carri Richardson ta Amurka, wadda ke riƙe da kambun duniya a lokacin. Ko da aka harba bindiga, sai wata 'yar shekara 23 mai suna Julien Alfred ta zabura ta wuce gaba, ba wadda ta sake kamo ta. Ta gama cikin sakan 10.72, Ba'amurkiyar ta biyo baya da 10.87. Wannan ita ce lambar farko da Sen Lusiya ta taɓa ci a Olamfik, ga shi kuwa ta zinariya ce. Bayan kwana 3 ta ƙara da ta azurfa a tseren mita 200, wanda Favour Ofili tamu ta Nijeriya ta zo ta shida a cikinsa.

To, yaya aka yi haka? Julien ta tashi ne a Ciceron, wata unguwa ta kusa da Castries, babban birnin ƙasar, inda ta riƙa gudu a kan ciyawa ba ko takalmi. Tana da shekara 12 mahaifinta ya rasu, ta karaya ta bar gudu, sai da mai koyar da ita, Cuthbert Modeste, ya lallashe ta ta komo. Amma gida babu kayan aiki. Babban filin wasa na ƙasar ma an mai da shi asibiti cikin 2009, sa'ad da gobara ta cinye asibitin kudancin tsibirin.

Saboda haka tilas ta bar gida. Tana da shekara 14 ta haye teku zuwa Jamaika, ƙasar gwanayen gudu, ta shiga makarantar sakandare, ba uwa ba dangi. Daga nan ta sami gurbi a Jami'ar Texas ta Amurka, inda Edrick Floréal ya ƙarasa horar da ita. Cikin 2022 ta ci azurfa a wasannin ƙasashe renon Ingila a Birmingham, cikin Maris na 2024 kuma ta ci zinariya ta duniya a tseren mita 60 a Glasgow.

Mai karatu da ya baro garinsu yana yaro, ya zo kurmi neman abin kai, shi zai fi kowa sanin nauyin wannan tafiya: abincin da ba ka saba ba, da daren da kewar gida ke hana barci. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ita dai bai bar ta ba, don duk inda ta je tutar tsibirinta take ɗagawa. Da ta koma cikin Satumba na 2024, gwamnati ta ba da hutu ran 27 ga wata da sunanta, ta ba ta fili da dala miliyan 1 ta kuɗin ƙasar, aka kuma sa wa wata babbar hanya sunanta.

Mu fa? Nijeriya ta aika 'yan wasa 88 Faris, suka komo babu ko ta tagulla. Lalle ƙanƙanin goro ya fi babban dutse. Yara masu gudu ba takalmi kuwa ba mu rasa su ba, daga Sakkwato har Ikko. Abin da za mu tambayi kanmu shi ne, in ɗayansu ya karaya ya bari, wa zai bi shi har gida ya komo da shi?